Omakayas, Yarinyar da Agana Ta Bari

Idan kana da ɗa ko ƙane ko jika mai jin Turanci, kuma kana neman littafi guda da za ka sa masa a hannu a bana, to ni dai na gama zaɓa maka: The Birchbark House na Louise Erdrich. Amma kafin ka miƙa masa, ka zauna ka karanta da kanka, don wallahi ba na yara kaɗai ba ne. An buga shi a 1999 domin 'yan shekara 8 zuwa 12, shafukansa ba su kai 250 ba, harshensa kuma mai sauƙi ne ƙwarai. Duk da haka ina shakkar a sami babban da zai kai tsakiyarsa idonsa bai ciko ba. Ni kam ya tafi da ni gaba ɗaya, kuma ba na jin nauyin faɗin cewa yana cikin littattafai mafi kyau da na taɓa riƙewa.

Tun a shafin farko marubuciyar ke shaƙe mai karatu. Wasu fatake masu safarar fatun dabbobi sun tsaya da kwalekwalensu a bakin wani ƙaramin tsibiri, suka tarar cutar agana ta share kowa da kowa. Babu mai numfashi sai wata jaririya da ke rarrafe tana kuka a tsakanin gawawwaki. Kayan jikinta masu kyau ne, an yi musu ado da hannu, alamar 'yar gata ce. Mazan nan suka dube ta, tsoron cutar ya rufe su, suka juya suka shiga jirginsu suka bar ta. Ɗaya daga cikinsu ne kawai ya ƙudura a ransa zai gaya wa matarsa, domin ya san ita ba ta tsoron komai a duniya. Shi ke nan, shafi biyu, aka rufe zancen. Daga nan labari ya tsallaka shekaru, mai karatu kuma ya shiga ɗauke da wannan nauyi a ƙirji.

Inda muka sauka shi ne shekarar 1847, a wani tsibiri da ke cikin tafkin Superior, wanda a faɗin fili babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi a duniya. A yau ana kiran tsibirin Madeline, yana cikin jihar Wiskonsin ta Amurka, kusa da iyakar Kanada. Mutanen wurin su ne Ojibwe, waɗanda ke kiran kansu Anishinabe, suna cikin manyan ƙabilun da Turawa suka tarar a nahiyar. Tauraruwarmu yarinya ce 'yar shekara 7, Omakayas, wato Ƙaramar Kwaɗo, don takunta na farko tsalle ne. Tana zaune da kakarta Nokomis, da mahaifiyarta Yellow Kettle, da yayarta Angeline mai kyan gaske, da ƙanenta Pinch, da jaririn gidan Neewo. Uban, wanda suke kira Deydey, yakan yi watanni yana harkar fatu kafin ya leƙo gida. Shekara guda cur muke yi tare da su, littafin kuma an raba shi gida huɗu bisa yanayin shekara: lokacin zafi, kaka, hunturu, da lokacin narkewar ƙanƙara.

Abin da ya fara sa na ƙaunaci Omakayas shi ne yarinya ce ta gaske. Tana kishin yayarta, don Angeline ta fi ta kyau, ta fi ta iya ɗinkin ado, kuma takan yaɓa mata magana mai zafi. Ƙanenta Pinch kuwa ba ta ɓoye cewa ya ishe ta, yaro ne mai haɗama da surutu da neman rigima. Tana zillewa aiki in ta sami dama. In aka ba ta alewa takan tsaya lissafin yadda za ta shanye ita kaɗai. Sau da yawa marubuta in za su kawo yaron wata ƙabila da aka zalunta, sai su wanke shi tas, su mai da shi waliyyi mai magana kamar dattijo. Erdrich ba ta yi haka ba. Ta bar yarinyar da ƙiriniyarta da son ranta, shi ya sa duk abin da ya same ta daga baya yake samun mai karatu a jiki.

Sai kuma ilimin mutanen, wanda shi ne ƙashin bayan littafin. Babi na farko aikin gina gidan zafi ne. Iyalin suna barin ɗakin katako na hunturu, su koma bakin ruwa, su kafa bukka da ɓawon wata bishiya mai farin jiki da ake kira birch. Dubi yadda aka nuna shi. Nokomis ta zaga daji har ta sami bishiyar da ta dace. Kafin ta sa wuƙa, ta ɗebo taba daga jakarta ta ajiye a gindin bishiyar, ta yi mata magana cikin ladabi, ta gaya mata bukatar da ta kawo su. Sannan ta tsaga ɓawon daga sama zuwa ƙasa, aka ɓare shi faffaɗa, mata suka zauna suna huda shi suna ɗinke shi. Omakayas na tsaye tana kallo, tana riƙe nan, tana miƙa can. Babu wanda ya zaunar da ita ya ce yau za a yi darasin al'ada. Aikin ne makarantar, kuma in ba a yi shi ba iyali za su kwana a waje.

Haka abin yake tafiya har ƙarshe, kuma nan ne gwanintar matar nan ta fi burge ni. Ga kankare fatar wata ƙatuwar dabba dangin barewa da suke kira mus, aikin da Omakayas ta tsana saboda wari da ƙudaje da ciwon hannu, amma da fatar ake ɗinka takalman da za su hana ƙafa daskarewa. Ga korar tsuntsaye daga gonar masara. Ga girbin shinkafar daji, wadda ke tsirowa da kanta a cikin ruwa, a shiga da kwalekwale a tanƙwaro zangarniyar a kaɗe ta da sanduna. Ga busar da kifi, ga binne abinci a rami domin watannin yunwa, ga tatsar ruwan bishiyar maful a dafa shi har ya zama sukari. Mai karatu yana gama littafin da sanin yadda waɗannan mutane suka rayu, ba tare da ya ji an yi masa lacca ko sau ɗaya ba. Kowane sani an ɗaure shi da wata bukata, kowace bukata kuma an ɗaure ta da rai da mutuwa.

Akwai wani wuri da na so ƙwarai. An aiki Omakayas ta karɓo almakashin mahaifiyarta. A hanyar dawowa ta ci karo da 'ya'yan beyar guda biyu, ƙanana, masu ƙiba da son wasa. Yarinya ta manta da duk gargaɗin da aka sha yi mata, ta tsuguna tana ba su 'ya'yan itace, tana ma tunanin ta ja su gida ta burge yayarta. Kan ta ankara uwarsu ta danne ta a ƙasa, numfashin dabbar na dukan fuskarta. A nan ne tarbiyyar kaka ta yi rana. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kokawa ba. Ta kwanta shiru, sannan ta yi wa beyar magana a hankali da lafazin girmamawa irin wanda ake yi wa tsohuwa, ta ba ta haƙuri kan taɓa mata 'ya'ya. Dabbar ta sansana ta, ta tattara 'ya'yanta ta tafi. Omakayas ta koma gida ba ta gaya wa kowa ba, ta ɗauki abin kankare fatar nan da ta tsana ta kama aiki shiru, tana juya abin a ranta. Ina son wannan shirun. Marubuci mai gaggawa da ya cika shafin da bayani, ita kuwa ta bar yarinyar ta girma a gaban idonmu.

Neewo kuma fa! Allah Sarki, Neewo. Shi ne hasken idon Omakayas. Jariri ne da ke ɗaure a allon goyo irin nasu, ba a riga an raɗa masa sunansa na dindindin ba, domin a al'adarsu wasu mutane ne na musamman ke mafarkin suna su bayar. Ita kuwa a ɓoye tana kiransa da sunayen ƙananan tsuntsaye. Wata rana aka bar mata shi. Ta kwance shi daga allon, abin da ba a ce ta yi ba, ta kai shi bakin ruwa, ta bar shi ya miƙe ƙafafu ya ji iska. Ya sami wani ɗan kara yana ta bugun dutse da shi cikin murna har karan ya karye, ya ɓarke da kuka. Sai ta ciro ragowar alewar maful ɗin nan da take ta ɓoyo, wadda ta hana kowa, ta sa masa a baki. Duk wanda ya taɓa rainon ƙane zai gane wannan wurin. Kuma duk wanda ya san me ke tafe zai ji zuciyarsa ta karye tun a nan.

Kafin in kai ga abin da ke tafe, dole in tsaya a kan Old Tallow, don ban taɓa haɗuwa da tsohuwa irinta a littafi ba. Doguwa ce ƙaƙƙarfa, tana zaune ita kaɗai da garken karnukanta, lofe a baki, bindiga a kafaɗa. Ta fi maza da yawa iya farauta, mazajen da ta aura kuwa duk ta kore su. Rigar sanyinta tarin ƙyallaye ne da guntayen fatu da ta shekara tana jonawa. Yara na tsoronta, manya na shakkarta, ba ta da sakin fuska ga kowa. Amma tana da wani irin kallo da take yi wa Omakayas, tana kuma ajiye nama a ƙofar gidansu ba tare da ta ce uffan ba. Mai karatu da ya tuna shafin farko zai fara haɗa ɗaya da biyu tun da wuri. Yarinyar ce ba ta sani ba. Wannan tazara tsakanin abin da muka sani da abin da ta sani ita ke riƙe da littafin tamau.

Haɗari a wannan labari iri biyu ne, kuma na farkon a hankali yake tahowa. Da dare maza kan zauna bakin wuta suna shan taba, yara na laɓe suna saurare. Zancen ɗaya ne: fararen fata suna ƙaruwa, ana ta raɗe-raɗin za a tura Ojibwe yamma, zuwa ƙasar Dakota, waɗanda ba sa ga-maciji da su. Wannan ba ƙirƙira ba ce. A 1837 da 1842 an sa hannu kan yarjejeniyoyin da suka miƙa wa gwamnatin Amurka manyan filayen Ojibwe, ta 1842 ɗin ma a La Pointe aka ƙulla ta, garin da ke kan wannan tsibiri. Cikin mazan akwai Fishtail, mutum mai ji da asalinsa, wanda ya yanke shawarar zuwa makarantar 'yan mishan ya koyi karatun Bature, don kada a sake cutarsu da takarda. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Erdrich ba ta nuna riƙon al'ada a matsayin toshe kunne ga sabon abu ba. Mutanenta suna amfani da almakashi da bindiga da tukunyar ƙarfe, shi kansa Deydey yana da jinin Faransawa. Abin da suke tsaro shi ne kada a raba su da ƙasarsu da harshensu da hanyar rayuwarsu.

Haɗari na biyu kuwa dare ɗaya ya faɗo. Ana tsakiyar rawa a babban zauren taro, farkon hunturu, kowa ya ci ado, sai ga wani baƙo ya shigo a gajiye, jikinsa na rawa. Aka yi masa abin da ake yi wa baƙo, aka ba shi wuri kusa da wuta, aka kai shi gida aka yi jinyarsa. Bai daɗe ba ya mutu, sai a lokacin aka ga ƙurajen. Agana ce. Mu nan ba baƙuwar cuta ba ce a wurinmu, har yanzu akwai dattawa masu zanzana a fuska da za su ba ka labarin shekarun da take shiga gari, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 1980 cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Amma ga 'yan asalin Amurka abin ya fi muni nesa ba kusa ba, domin cutar da Turawa ta zo, jikinsu bai san ta ba, takan share ƙauye sukutum. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta ƙofar karamci ta shigo musu.

Babin jinyar nan shi ne zuciyar littafin, kuma ban san yadda Erdrich ta iya rubuta shi domin yara ba tare da ta rage masa gaskiya ko ta firgita su fiye da kima ba. 'Yan gidan suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. An yi ƙoƙarin ware masu lafiya a wata bukka a waje, amma da ciwon ya kama Neewo, Omakayas ta bi shi ciki da ƙafarta. Ya rage daga ita sai kakarta ke tsaye. Yarinya ƙarama tana ɗebo ruwa, tana hura wuta, tana ɗura wa manya romo, tana share su. Da zazzaɓi ya juya wa ubanta kai ya yunƙura zai fita cikin dusar ƙanƙara, inda babu shakka mutuwa zai yi, ba ta da ƙarfin riƙe shi, sai ta ɗauki guntun icce ta buga masa ya faɗi, tana yi tana baƙin ciki. Neewo kuwa a hannunta yake dare da rana. A hannunta kuma ya cika.

Na faɗi wannan ne da gangan, don iyaye su san abin da za su ba 'ya'yansu, kuma don a nan ne darajar littafin take. Duk sassaƙe da saiwoyin Nokomis, duk ƙaunar Omakayas, ba su hana jaririn tafiya ba. Angeline ta tashi, amma kyakkyawar fuskar nan ta cika da zanzana. Ten Snow, matar Fishtail kuma aminiyar Angeline, ta rasu. Littafin bai yi mana ƙaryar cewa ilimin kakanni laya ce mai kare mutum daga kowace masifa ba. Abin da ya nuna ya fi haka nauyi: wannan ilimin ne ya sa aka sami waɗanda suka rage, shi ne kuma igiyar da aka kama aka fito daga ramin baƙin ciki. Domin bayan mutuwar ƙanenta Omakayas ta kwanta, ta daina ci, ta daina magana, duniya ta fita daga ranta. An ba wannan baƙin ciki lokacinsa a shafuka, ba a hanzarta ta ba.

Sannan ga yunwa, abincin da aka ajiye ya ƙare, masu farauta ba su da ƙarfi. A cikin wannan duhu ne Nokomis ke buɗe bakinta da labarai. Ojibwe suna da ƙa'ida: akwai labaran da ba a bayarwa sai da hunturu, lokacin da ƙasa ta daskare, macizai da kwaɗi suna barci. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, mu da muka tashi da sanin cewa ba a tatsuniya da rana. Ta ba su labarin Nanabozho, gwarzon labaransu mai dabara, da yadda ruwa ya mamaye duniya, dabbobi suka riƙa nutsewa ɗaya bayan ɗaya don su ɗebo ƙasa daga ƙarƙashi, manya suka kasa, sai wani ɗan ƙaramin ɓeran ruwa ya taso da ɗan yashi a dunƙule a hannunsa, da shi aka sake shimfiɗa duniya. Ka tuna wa ake ba wannan labari: yarinya ƙarama da ta yi iyakar ƙoƙarinta, take ganin ta gaza. Tsohuwar ba ta fassara mata ba. Ta bayar ne kawai ta yi shiru, ta bar labarin ya yi aikinsa.

Akwai kuma lokacin da Nokomis ta yi mafarkin inda wani namijin barewa mai ƙaho ɗaya yake, ta sa Deydey ya yi wanka ya sa tufafinsa mafi kyau kafin ya fita nemansa, don a je wa dabbar da za ta ba da ranta cikin mutunci. A nan bari in ce wani abu ga mai karatu Musulmi ko Kirista da zai iya yin turus. Littafin cike yake da abin da Ojibwe suka yi imani da shi a wancan zamani, mafarkai da ruhohi da ajiye taba. Ba wa'azi ake yi maka ba, rayuwar wasu mutane ake nuna maka yadda take. Ba sai ka yarda da aƙidarsu ba kafin ka ga kyan ɗabi'ar da ke ciki: kada ka ɗauki fiye da bukatarka, kada ka yi wa abin da ke ciyar da kai wulaƙanci, kada ka ci kai kaɗai maƙwabci na kwana da yunwa.

Da ƙanƙara ta fara narkewa aka fita dafa sukari, sai tafasasshen ruwan maful ya zubo wa Pinch a ƙafa. Kaka ba ta kusa. Omakayas ta buɗe jakar magungunan Nokomis, ta zaɓo ganyen da ta sha gani ana amfani da su, ta haɗa ta shafa masa, ta zauna da shi tana lallashi. Yaron da ta fi jin haushi a duniya, shi ne majinyacinta na farko. Da tsohuwar ta dawo ta duba aikin, ta tabbatar an yi shi daidai. Ni a wurina nan ne duk abin da aka shuka tun babin farko ya yi tsiro. Shekara guda muna kallon yarinya na bin kakarta daji, tana riƙe mata jaka, tana tambaya, wani lokaci tana gunaguni, ashe duk ajiya ake yi. Game da yadda littafin ya ƙare, da ranar da Old Tallow ta zaunar da ita ta yi mata magana, bakina alaikum. Wannan na mai karatu ne, ba zan ƙwace masa ba.

Wace ce ta rubuta wannan abu haka? An haifi Louise Erdrich a 1954 a jihar Minesota, ta tashi a Wahpeton ta Dakota ta Arewa. Mahaifinta jinin Jamusawa ne, mahaifiyarta Ojibwe, ita kanta kuma 'yar ƙabilar ce ta reshen Turtle Mountain, inda kakanta Patrick Gourneau ya taɓa shugabanci. Ta ci babbar lambar littafi ta ƙasar Amurka a 2012 da The Round House, ta ci Pulitzer a 2021 da The Night Watchman. Wato marubuciya ce ta sahun gaba da ta ga ya dace ta zauna ta rubuta wa yara, kuma ba ta rage musu mudu ba. Binciken asalin danginta ne ya kai ta tsibirin Madeline, sunan Omakayas ma a wata tsohuwar takardar ƙidayar jama'a ta same shi. Zanen fensirin da ke cikin littafin da hannunta ta yi. Ta zuba kalmomin Ojibwe a cikin zance, ta sa ma'anarsu a shafukan baya, harshen da ita ma sai da ta girma ta zauna ta koya. Tana da kantin littattafai a birnin Minneapolis mai suna Birchbark Books.

Sai an san abin da ya biyo bayan zamanin Omakayas ake gane nauyin wannan aiki. Daga 1879, da aka buɗe makarantar kwana ta Carlisle a Fensilbaniya, gwamnatin Amurka ta ƙarfafa tsarin kwashe 'ya'yan 'yan asalin ƙasa daga hannun iyayensu, a aske musu gashi, a canza musu suna, a hukunta su in sun yi yarensu. A Kanada yara kimanin 150,000 ne suka bi ta irin waɗannan makarantu. Manufar ita ce a yanke igiyar nan da ke tsakanin irin su Nokomis da irin su Omakayas. A ɗaya gefen kuma, tsawon shekaru yaran Amurka sun tashi da littattafan Little House na Laura Ingalls Wilder, labarin iyalin Turawa masu kafa gida a sabuwar ƙasa, inda ɗan asalin wurin yake fitowa a matsayin abin tsoro a bakin ƙofa. Saboda irin wannan hoto ne a 2018 ƙungiyar masu kula da ɗakunan karatu na yara ta cire sunan Wilder daga wata lambar yabo da take bayarwa. Erdrich ta ɗauki wannan salo na labarin iyali da aikin gida da zagayowar shekara, ta shigar da mu cikin bukkar, muka zauna tare da masu gida muna kallon baƙin da ke tahowa.

Abin farin ciki, labarin bai tsaya nan ba, littattafai biyar ne. The Game of Silence na 2005 ya ɗauki sunansa daga wasan da ake sa yara, su yi gum, wanda ya fi daɗewa bai yi magana ba ya ci kyauta, domin manya su samu su tattauna mugun labari. Labarin kuwa shi ne umarnin da Shugaba Zachary Taylor ya bayar a 1850 na a tashi Ojibwe. A ƙarshen wannan shekara aka ce su je Sandy Lake a Minesota su karɓi haƙƙinsu na yarjejeniya, aka jinkirta biya har sanyi ya rufe hanya, mutum kimanin 400 suka mutu saboda cuta da yunwa da sanyi. A wannan littafi ne iyalin ke barin tsibirinsu, Nokomis na riƙe da irin shukarta. The Porcupine Year na 2008 ya bi su cikin gudun hijira, kuma duk mai son Old Tallow ya tanadi hawaye. Chickadee na 2012 da Makoons na 2016 sun koma shekarar 1866, kan tagwayen da Omakayas ta haifa, lokacin da iyalin daji da tafki suka koma koyon hawan doki da farautar ɓauna a fili fetal. Na biyu da na huɗu duk sun ci lambar Scott O'Dell ta ƙagaggen labarin tarihi. Ganin Omakayas ta zama uwa, tana miƙa wa 'ya'yanta abin da kakarta ta miƙa mata, daɗi ne da ba zan iya kwatanta shi ba.

Babban burina shi ne in ga wannan littafi cikin Hausa. Muna da yara da yawa a yau da tashin hankali ya raba da ƙauyukansu, suna girma a sansanoni da gefen birane, nesa da gona da kakanni da duk abin da kakannin suka sani. Sun cancanci labarin yarinyar da ta ga irin abin da suka gani ta kuma miƙe. Ina roƙon mafassaranmu da kamfanonin ɗab'i su nemi izini su yi wannan aiki, malaman makaranta kuma su sa shi a ɗakunan karatu. Kai kuma mai karatu, kada ka jira fassara in kana jin Turanci. Nemi The Birchbark House, ka fara da shi, ka karanta wa yaran gida da dare babi-babi, ka kuma tanadi kuɗin sauran huɗun, don tabbas za su tambaye ka.